Ɗaki Ɗaya, Harshe Biyu: Makaranta da Cocin New Sweden a Jihar Maine

Ranar Asabar 23 ga Yuli, 1870, da rana tsaka, wasu kekunan doki suka tsaya a ƙarshen wata hanya da aka sara cikin kurmi a arewacin jihar Maine ta Amurka, ba nisa da iyakar Kanada. Mutanen da suka sauko sun yi mako huɗu cur suna tafiya. Su 51 ne suka baro tashar jiragen ruwa ta Gothenburg a ƙasar Suwidin ranar 25 ga Yuni: maza 22, mata 11, yara 18. Ɗaya daga cikin yaran, jaririya ce da ba ta cika shekara ba, ta rasu ana cikin tafiya. Iyayenta suka ƙi yarda a binne ta a bakin hanya, suka riƙo gawar har masauki. Shi ya sa taron ibada na farko da aka yi a wurin, washegari Lahadi, jana'iza ce.

A taswirar gwamnati wurin ba shi da suna, lamba kawai gare shi: yanki na 15, layi na 3, a gundumar Aroostook. Aka raɗa masa New Sweden, wato Sabuwar Suwidin. Kafin damina ta zagayo sau biyu, garin ya sami makaranta da ikilisiya, kuma duka biyun a ɗaki ɗaya suke, a hannun mutum ɗaya. Ranar Lahadi ya yi wa iyaye wa'azi da harshen Suwidin, ranar Litinin ya koya wa 'ya'yansu Turanci. Kusan duk abin da ya sami garin cikin shekara 150 da suka biyo baya, in ka bi sawunsa, daga wannan rabon aiki ya taso.

Garin da gwamnati ta dasa

Yawancin ƙauyukan 'yan Suwidin a Amurka addini ne ya kafa su, ko kuwa fasto ne ya ja su. Bishop Hill a jihar Illinois mabiyan wani mai wa'azi ne, Erik Jansson, suka gina shi a 1846 bayan sun raba gari da cocin gwamnatin ƙasarsu. Lindsborg a Kansas ya tsaya da ƙafarsa ne da Fasto Olof Olsson ya iso da jama'arsa a 1869. New Sweden daban ne. Majalisar dokokin jiha ce ta zauna ta yanke shawarar a je a ɗebo mutane.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsakanin ƙidayar 1860 da ta 1870 yawan jama'ar Maine raguwa ya yi. Yaƙin basasa ya ci matasa, waɗanda suka tsira kuma suka yi yamma, inda dokar 1862 ke ba mutum eka 160 na fili mai taushi kyauta, babu kututture, babu dutse. Ga kuma dajin Aroostook, wanda sai a 1842 aka daidaita iyakarsa da ƙasashen da Ingila ke mulka a gefen Kanada, yana nan babu manoma (ba wai babu kowa ba: ƙasar Maliseet da Mi'kmaq ce tun kaka da kakanni, amma masu lissafin gwamnati ba da su suke yi ba). Wani lauya ɗan birnin Portland, William Widgery Thomas Jr., wanda Shugaba Lincoln ya taɓa turawa ƙaramin jakada a Gothenburg har ya iya harshen can, ya dage cewa mutanen da za su iya da wannan sanyi da wannan gatari su ne 'yan Suwidin. A watan Maris 1870, zamanin Gwamna Joshua Chamberlain, aka zartar da doka, aka naɗa Thomas kwamishinan shige da fice, aka tura shi.

Ya tarar da ƙasa a shirye. Suwidin ba ta daɗe da fita daga yunwar 1867 zuwa 1869 ba, kuma ɗan talaka a karkara ba ya ko mafarkin mallakar gona. Thomas ya yi alkawarin eka 100 ga kowane magidanci, kusan hekta 40 ke nan. Amma ya kafa sharaɗi biyu: kowa ya biya kuɗin jirginsa, kowa kuma ya kawo takardar shaidar hali daga faston garinsu. Ya tsinci masu sana'a a cikin manoman: maƙeri, kafintoci, tela, mai gashin burodi, mai sassaƙa takalmin katako. Bai tambayi ɗarikar kowa ba. Abin da jihar take so hannu ne mai riƙe gatari, ba aƙida ba. Sai ga shi a cikin rukunin farko ɗin nan mai wa'azi ɗaya tilo da aka zo da shi, Nils Olsson, ɗan Baftis ne, alhali a can gida ɗarikar Lutheran ce addinin sarki da ƙasa.

An yi musu alkawarin ɗakunan gungume 25, suka tarar shida kacal aka gama. Aka raba gonaki ta hanyar ƙuri'a. Gwamnati tana ba su gari da nama da kayan aiki, su biya da aikin hanya, dala ɗaya a yini. Da sanyi ya rufe hanyar noma sai su zauna suna faskare itacen sida, suna fere shi fallaye-fallaye na rufin ɗaki, su ɗaure dami-dami su kai kanti a musanya musu da abinci. Shekaru da dama waɗannan fallaye su ne kuɗin garin. Kafin ƙarshen 1870 sun kai mutum 114, a 1871 sun haura 500, a kakar 1873 kuma jihar ta janye tallafinta, kowa tasa ta fisshe shi.

Abin da suka zo da shi a aljihu

Kafin a shiga maganar makarantar, sai an duba wannan takarda da faston gida yake bayarwa, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa mutanen da ba su gama rufin ɗakunansu ba suka fara zancen malami.

A Suwidin ta wancan zamani karatu aikin coci ne. Tun dokar coci ta 1686 aka ɗora wa kowane magidanci nauyin ganin cewa duk wanda ke ƙarƙashinsa ya iya karanta littafi. Sau ɗaya a shekara fasto zai zo unguwa, a tara gidaje da yawa a babban ɗakin wani manomi, a shimfiɗa masa tebur. Ya buɗe wani ƙaton littafi mai layi-layi wanda ke ɗauke da sunan kowa, daga maigida har yaron gida da 'yar aiki. Ya kira mutum, ya miƙa masa littafin waƙoƙin coci ko Sabon Alkawari ya ce karanta nan. Ya jefa masa tambaya daga ƙaramin katekisim na Luther, wato littafin tambaya da amsa na koyarwar addini da Martin Luther, uban ɗarikar Lutheran, ya rubuta: mece ce doka ta huɗu, kuma mene ne ma'anarta? A gaban maƙwabta, a gaban 'ya'yansa. Sannan ya ɗiga alama a gefen sunan: wannan ya iya sosai, wannan da dama-dama, wannan sai a hankali. In an gama a ci abinci, mai masauki kuwa ya yi ƙoƙarin kada tuwonsa ya gaza na wanda ya karɓi baƙin bara. Suna kiran wannan zama husförhör, jarrabawar gida. Wanda bai iya ba, ba a tabbatar da shi a coci. Wanda ba a tabbatar ba, ba ya cin Jibin Ubangiji. Wanda ba ya cin jibi kuwa aure ma ya yi masa wuya. In mutum zai ƙaura, fasto ya kwafe waɗannan alamomi a takardar ƙaura ya ba shi.

A 1842 aka ƙara da dokar da ta tilasta wa kowace gundumar coci buɗe makarantar firamare, fasto ne kuma shugaban kwamitinta. To mutanen da suka sauka a dajin Maine, talakawa ne tilis, amma kusan dukkansu masu karatu ne, kuma a ransu makaranta da coci abu ɗaya ne mai ƙofa biyu.

Akwai wani abin kuma da suka zo da shi, wanda ba a rubuta a takarda ba. Daga 1726 har 1858 haramun ne a Suwidin mutane su taru su yi ibada a gida ba tare da faston gwamnati ba. An ci tarar mutane, an ɗaure wasu, an kori F. O. Nilsson, jagoran 'yan Baftis na farko, daga ƙasar baki ɗaya. Waɗanda suka hau jirgi a 1870 sun girma cikin wannan taƙaddama. Wasunsu kewar cocin gida suke yi, wasunsu kuwa gudunsa suka yi.

Kapitoleum

A kakar 1870 gwamnatin jiha ta gina wani bene na katako mai hasumiya a kan tudun tsakiyar garin. Mutanen suka kira shi Kapitoleum, da ɗan barkwanci a ciki, tamkar ka ce fadar mulki. Ƙasa ofishin kwamishina ne da rumbun da ake raba gari da kayan aiki. Sama ɗaki ne guda babba. Nan ake sujada, nan ake taron gari, nan sababbin baƙi kan shimfiɗa kayansu kafin a nuna musu gona, nan kuma aka buɗe makaranta.

Nils Olsson ne ya riƙa tara jama'a ranar Lahadi tun farko, kuma a farkon 1871 'yan Baftis suka kafa ikilisiyarsu, suka riga kowa. A shekarar ne Andrew Wiren, faston Lutheran, ya iso, a watan Agusta kuma aka kafa ikilisiyar Lutheran. Da Nuwamba ta kama, an gama aikin gona, sai aka buɗe makarantar gwamnati kyauta a wannan ɗaki na sama, da yara sama da 70, Wiren ne malami. Babban darasin kuwa Turanci.

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙauyukan 'yan Suwidin na yammacin Amurka sau da yawa coci ne ke fara buɗe makarantarsa da harshen gida, makarantar gwamnati ta zo daga baya kamar baƙuwa. A New Sweden kuwa mutumin da jama'a suka fi amince wa a kan sha'anin ruhinsu shi ne ya fara sa wa 'ya'yansu Turanci a baki. Uwar da za ta yi ɗari-ɗari da malamin da ba ta jin maganarsa, ba ta da abin cewa in fasto ne da kansa. Yaro ya taso daga ɗakin gungume da asuba, ya bi layin da aka sara cikin itatuwa, dusar ƙanƙara har gwiwa, ko ya ɗaura dogayen katakan sulɓi a ƙafa irin na ƙasarsu (su ne ma suka shigo da wannan al'ada jihar Maine). Ya hau matakala, ya zauna a bencin da ubansa ya zauna jiya yana rera waƙar ibada da Suwidanci, ya ji muryar da ta yi wa'azi jiya tana maimaita masa sunan tebur da taga da harshen Amurkawa. Da yamma ya koma gida ya zama tafintan ubansa a kanti.

A ganina Thomas ya san abin da yake yi. Yana kiran mutanen "'ya'yana na cikin daji", yana ƙaunarsu ƙauna ta gaske, amma aikin da aka ba shi shi ne ya samar wa Maine 'yan ƙasa masu biyan haraji da jefa ƙuri'a, ba ya dasa wani yanki na Suwidin a gefen Kanada ba. Su ma iyayen ba a yi musu dole ba. Wanda ya sayar da ɗan abin da yake da shi ya ƙetare teku, ba ya so ɗansa ya tsaya bebe a gaban mai awo.

Coci ya rabu uku

Ɗakin saman bai daɗe yana ɗaukar kowa ba. 'Yan Lutheran suka tara katako da kuɗi da ƙarfinsu suka gina cocinsu, aka keɓe shi ranar 23 ga Yuli, 1880, daidai ranar da garin ya cika shekara goma. Ginin katako ne fari mai hasumiya, yana nan tsaye har yau. A 1896 aka sa masa sunan Gustaf Adolph, sarkin Suwidin da ya mutu a fagen yaƙin Lützen a 1632 yana kare ɓangaren Furotesta. Zaɓen sunan kansa magana ce: shekara 26 bayan barin gida, jama'ar suna so a san daga inda suka fito.

'Yan Baftis suna da nasu ginin. A shekarun 1880 kuma kashi na uku ya ɓalle. Wata farkawa ta addini da ta tashi a Suwidin, wadda wa'azin P. P. Waldenström ya ƙara wa wuta daga 1872, ta biyo wasiƙu da sababbin baƙi har cikin daji. Mabiyanta suna cewa ikilisiya ta waɗanda suka tuba da kansu ce, ba ta duk wanda aka haifa a unguwa ba, kuma a kowace gardama tambayarsu guda ce: ina aka rubuta? A Amurka sun haɗu a Chicago a 1885 suka zama ɗarikar da ake kira Covenant, a New Sweden ma suka kafa tasu.

Saɓanin ba na wasa ba ne. Ɗan Lutheran yana kai jaririnsa a yi masa baftisma. Maƙwabcinsa ɗan Baftis yana ganin wannan wanka ne kawai, sai mutum ya yi hankali ya nema da bakinsa. Gari ne da bai taɓa cika mutum 1,000 ba, amma yana ciyar da fastoci uku, yana sayen itacen hura murhu uku. Auren da ya ƙetare daga wannan coci zuwa wancan sai an zauna a kansa.

A daidai wannan lokaci makaranta tana yin akasin haka. Garin ya sami matsayin ƙaramar hukuma mai rabin iko a 1876, ya zama cikakken gari a 1895, jama'a kuma suka bazu zuwa Westmanland da Stockholm da Jemtland da sassan Woodland da Perham, duk sunayen farkon nan uku daga gida aka ɗebo su. Tun da yaro ba ya iya tafiyar mil da yawa cikin ƙanƙara, sai aka yi ta gina ƙananan makarantu masu ɗaki ɗaya a unguwanni: malama ɗaya, murhun ƙarfe a tsakiya, aji takwas a jere. A nan ɗan Baftis da ɗan Lutheran da ɗan Covenant benci ɗaya suke zama, littafi ɗaya suke karantawa. Fasto ya fita daga aji, kwamitin da gari ya zaɓa ya maye gurbinsa. Abin da coci ya raba ranar Lahadi, makaranta ce ke ɗinke shi sauran kwana biyar, amma da zaren Turanci.

Dankali da harshe

Da jirgin ƙasa na kamfanin Bangor and Aroostook ya ratso yankin a ƙarshen shekarun 1890, dankalin Turawa ya zama sarki. Aka kafa masana'antun sitaci, aka gina rumbunan dankali a bakin dogo. Kalandar makaranta ma dankali ta bi: a kan rufe aji kusan mako uku tsakanin Satumba da Oktoba, yara su fita gona tun da sanyin safiya, kowa da kwandonsa, su cika ganga mai nauyin fam 165, su maƙala tikiti mai lambarsu a bakinta don a san na wane ne. Da wannan kuɗin ake sayen rigar sanyi da takalmin makaranta. A wajen 1920 jama'ar garin sun haura 900, kuma ba su ƙara kai wannan adadi ba.

A waɗannan shekarun harshen Suwidin yana da mafaka biyu, gida da coci. A ikilisiyoyin babbar majalisar Augustana, wadda 'yan Lutheran na Suwidin suka kafa a Amurka a 1860 kuma cocin Gustaf Adolph yake cikinta a lokacin, al'ada ce yaro ya haddace katekisim da Suwidanci kafin a tabbatar da shi, a wurare da yawa ma akan yi ajin harshen gida na 'yan makonni lokacin hutun bazara. Sujadar asubar Kirsimeti, wadda suke kira julotta, da fitilu a tagogi da kekunan sulɓi suna tahowa cikin duhu, ita ce ranar da kowa yake jin kamar bai bar gida ba.

Abubuwa uku suka haɗu suka karya wannan. Yaƙin duniya na farko ya sa Amurkawa zargin duk wani harshe da ba Turanci ba. A jihar Iowa, inda 'yan Suwidin suke da yawa, gwamna ya hana amfani da baƙon harshe a 1918 har a coci da wayar tarho. A Maine kanta dokar 1919 ta ce da Turanci kaɗai za a koyar a makarantun gwamnati. Masu jin Faransanci na kwarin kogin St. John aka nufa da ita, su ne kuma suka sha wuyarta, domin a New Sweden ta tarar an riga an yi abin da take nema tun 1871. Sai dokar shige da fice ta 1924 da karayar tattalin arziki ta 1929 suka tsayar da zuwan sababbin baƙi, babu mai sake kawo harshen ɗanye daga gida. Na ukun ya fi su duka ƙarfi kuma ba doka ba ce: jikoki ba sa fahimtar wa'azi. Dattawan ikilisiya a ko'ina cikin Augustana suka tsaya tsakanin abu biyu, ko su riƙe harshe su rasa matasa, ko su saki harshe tsofaffi su ji an kore su daga gidansu. Aka fara da Lahadi ɗaya a wata da Turanci, aka koma rabi da rabi, daga baya Suwidanci ya zama na bukukuwa. Nisan New Sweden daga manyan birane ya ja wa harshen kwana fiye da wurare da yawa, har ƙarshen ƙarni na 20 ana samun tsofaffi masu hira da shi. Augustana kanta ta narke cikin wata babbar ɗarika a 1962, wadda ita ma ta shiga haɗakar 'yan Lutheran ta 1988.

Ana yawan ba da wannan labari kamar wani ne ya zo ya ƙwace musu harshe. A nan dai ban ga ɓarawo ba. Makarantar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa, ta yi shi da kyau, kuma yaron da ya iya Turanci da lissafi, ya wuce sakandare a Caribou mai nisan kimanin mil 8, ba dole ba ne ya dawo ya gaji ganga da kwando.

Raguwa

Daga tsakiyar ƙarni na 20 motar makaranta ta sa aka rufe ƙananan makarantun unguwa aka tara yara a gini ɗaya. Jihar Idaho ta ƙwace wa Maine kambun dankali a ƙarshen shekarun 1950, injin tono ya rage bukatar hannu, ƙananan gonaki suka shige cikin manya. Sansanin sojan sama na Loring, wanda ya riƙe tattalin arzikin yankin shekara da shekaru, aka rufe shi a 1994. Gundumar Aroostook da ta haura mutum 106,000 a 1960 ta dawo kimanin 67,000 a 2020. New Sweden tana da 621 a 2000, 602 a 2010, 577 a 2020.

Kapitoleum kansa, wanda ya riga ya zama gidan tarihi, aradu ta faɗa masa a 1971 ya ƙone. Mutanen gari suka yi ta shiga suna fito da kayan kakanninsu, suka ceci da yawa, daga baya suka sake gina shi a kan fasalinsa na da.

27 ga Afrilu, 2003

Da sunan garin zai shiga kafafen labarai na duniya, ba ta hanyar da kowa yake so ya shiga ba. Wata Lahadi bayan sujada a cocin Gustaf Adolph, jama'a suka tsaya shan gahawa kamar kullum. Ga ɗan Suwidin wannan zaman ba ƙari ba ne a kan ibada, rabinta ne: a nan ake gaisawa, a ji wa ke kwance, wa ya sami jika. Wasu suka ce gahawar yau da ɗaci, amma suka shanye don kara. Kafin dare mutane suka fara amai, aka yi ta kwasarsu zuwa asibiti a Caribou. Mutum 16 abin ya kama. Wani dattijo mai shekara 78 ya rasu. Gwaji ya nuna gubar asenik ce aka zuba a tukunyar, gubar da manoman yankin suka sani sarai, domin da can da sinadarinta ake kashe ganyen dankali kafin tono.

Bayan kwana biyar wani ɗan ikilisiyar, manomi ɗan asalin yankin, ya harbe kansa, ya bar takarda da ke ɗaura shi da lamarin. Shekara uku ana bincike ko akwai hannun wani, shekara uku mutanen da suka yi makaranta tare suna zama a coci ɗaya kowa na satar kallon kowa. A 2006 hukumomin jihar suka rufe shari'ar, suka ce shi kaɗai ya aikata. Ikilisiyar da ba ta fi 'yan gommai ba ranar Lahadi, irin wannan rauni yana iya tarwatsa ta. Wasu sun bar ta, amma ƙofar ba ta rufu ba.

Ƙuri'ar 2017

Makaranta ce ta rufu. A Maine gari ne ke ɗaukar babban kaso na kuɗin makarantarsa daga harajin gidaje da filaye, tallafin jiha kuma yana bin yawan ɗalibai. In yara suka ragu tallafi ya ragu, amma kuɗin ɗumama gini a sanyin Aroostook ba ya raguwa, albashin malami ma haka, sai nauyin ya koma kan masu gidaje, waɗanda da yawansu tsofaffi ne masu cin fansho. Maƙwabciyarsu Stockholm ta riga ta rufe tata. A 2017 mutanen New Sweden suka jefa ƙuri'a, masu cewa a rufe suka yi rinjaye. Lissafin ya nuna ya fi sauƙi gari ya biya wa kowane yaro kuɗin karatu a makarantar wani gari. Masu jefa ƙuri'ar da yawansu a wannan makarantar suka koyi karatu, wasu kuma sunayen da ke kan takardun ƙaura na 1870 ne har yau a kan akwatin wasiƙunsu.

A lokacin, shekara 146 ke nan daga ranar da Wiren ya fara kiran suna a ɗakin sama. Duk watan Yuni garin yana yin bikin tsakiyar bazara, Midsommar: a tsinko furannin daji, a naɗe doguwar sanda da ganye a kafa ta, yara sanye da kayan gargajiya su kewaye ta suna rera waƙoƙin da suka haddace da harshen da yawancinsu ba sa ji. Waɗanda suka ƙaura sukan dawo daga kudancin Maine da jihohin maƙwabta, a cika benci ranar Lahadin, a ziyarci kaburbura a bayan gidan tarihi. Tsohuwar makarantar ɗaki ɗaya da ke gefen Kapitoleum tana cikin wuraren da ake zagayawa da baƙi. In hutu ya ƙare kuma, da sassafe motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta bi ta gaban cocin Gustaf Adolph ta kwashi yaran garin, ta nufi Woodland da Caribou.